Daminar da Kande Ta Zama Dinya

Ran nan jikata Ummi ta zo ta danna min waya a hanci, wai in ga wasu matan Turawa na can ƙasar sanyi, su da yawa sunan gidansu ɗaya, kuma kusan kowacce gwanar wasa ce: wannan gudu, wannan iyo, waccan jifa. Ta karanto min sunan, na gwada faɗa, saura ƙiris haƙorina na ƙarshe ya bi iska. Na ce mata ke tafi can, mu ma muna da namu, jininsu ne ma yake yawo a jikinki, ga ki nan ko kwata ba kya iya tsallakewa sai kin yi bismillah. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ka fara." To tunda kowa a gidan nan ya ɗauka in na buɗe baki farawa na yi, bari in rubuta wannan a zaune, ku karanta a zaune. Na san abin da kuke faɗa a bayana: wai Baba ya samu hanyar arziki a Kano ya ƙi zuwa saboda tsoron mota. Wasu su ce lalaci ne. Ni ma ban taimaki kaina ba, don duk wanda ya tambaya labari daban nake ba shi. Yau ga na gaskiyar.

Mahaifiyarku, Allah ya kai haske kabarinta, kun tashi kun ji ana ce mata Kande Dinya, kun ɗauka haka aka raɗa mata ranar suna. Ina! Dinya ba a gadonsa a kwance, cin sa ake yi. 'Yar wani ƙauye ce a bakin kogi, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, inda ake ce wa Mashigin Marke. A lokacin ba gada ba komai. In damina ta sauka kogin ya kawo, sai dai fito: a zuba kayanka a ƙaton masaki, ka rungumi bakinsa, mai fito ya shiga ruwa yana iyo yana tura ku har ƙetare. Kakan kakanta mai fito ne, Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya koya wa 'ya'yansa mata. Limamin lokacin ya ce ai ma gara haka, mata su haye da mata, maza su je can sama su haye da maza. Tun daga nan duk macen gidan da ta isa, sai a laƙa mata sunan tsuntsuwar ruwan nan, dinya.

Akwai Hajo Dinya ta fari, wadda aka ce ta haye da amarya da kayan ɗakinta da akuyar gara a masaki ɗaya. Akwai Tabawa Dinya, ita ko a tudu ba a kama ta, ta taɓa bin ɓarawon kaza tun daga mashigi har bakin dajin Falgore, sai da ya tsaya ya roƙe ta ta karɓi kazar ya ƙara mata da hularsa. Marka Dinya kuwa kokawa take yi da 'yan matan rugage ranar kasuwa, an ce har ta tsufa bayanta bai san ƙasa ba sai a tabarma. Wannan duk ba ni na ƙara ba, haka na tarar. To, hular ce kawai tawa. Sai ta ƙarshensu, Iya, surukata. Duk sauran sun riga mu gidan gaskiya, ita kaɗai ta rage mai sunan. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: sai kogi ya cika ya taɓa gindin marken da ke bakin mashigi, yarinya ta shiga ba masaki ba gora, ta haye ita kaɗai, babbar Dinya tana kallo da idonta. In ta taka yashin ƙetare, babbar ta kira ta da sunan. In babu mai kallo, babu suna.

Ni Idi, ɗan Bebeji ne, dillalin jakuna, ruwan da na sani shi ne na buta. Haɗuwata da uwarku ma ba abin alfahari ba ne. Zan je kasuwar Doguwa, ina rungume da masakin maza ina ba mai fito labarin yadda na taɓa shaƙe kada da hannu ɗaya, na saki masaki don in nuna masa hannun. Ruwa ya yi ƙasa da ni har mashigin mata. Ban ankara ba na ji an damƙi wuyan rigata an fizgo ni an yar a kan yashi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na buɗe ido na ga yarinya doguwa tana matse bakin zaninta.

Ta ce, "Sannu mai kada. Ka bar shi a ciki ne, ko in koma in ɗauko maka?"

Shi ke nan, na tafi. Aka yi aure na kai ta Bebeji. Amma ta zo gidana Kande ce kawai, ba Dinya, don shekarun da ta isa hayewa ruwa ya yi ƙaranci, kogin bai ko gaida marken ba. Aka ce ai ba komai, wata damina. Wata damina ta zo da ciki, wata ta zo da goyo. Ke Lami, ke ce goyon.

Shekarar da nake ba ku labari, lokacin ana ta zancen zaɓe da mulkin kai, gyaɗa kuma ita ce sarauniya. Wata ranar kasuwar Kiru ina sayar da wani jaki mai ɗingishi, ina rantse wa mai saye cewa ba ɗingishi ba ne, yanga ce, ashe wani Alhaji mai awon gyaɗa daga Kano yana tsaye yana ji. Da aka watse ya kira ni.

Ya ce, "Samari, wannan bakin naka ɓarnarsa kake yi a kan jakuna. Ka zo Kano in ba ka sikeli da ɗaki. Amma ka zo kafin ruwa ya yanke hanya, motata za ta yi sahun ƙarshe in an yi shuka. In ba ka shigo ba zan sa wani, ba na jira."

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gaya wa Kande za ta sa leshi, za ta ga lantarki, famfo zai riƙa gaishe ta da safe. Ta yi murna, wallahi ta yi. Muka ce bari mu je mu yi wa Iya sallama.

To a can ne abin ya juya. Muna zaune a tsakar gida, ni ina can rakuɓe a bakin ƙofa kamar yadda suruki yake yi, Iya ta ɗauko tulu za ta zuba wa 'yarta ruwa a moɗa, sai na ga ruwan yana zuba a ƙasa, gefen moɗar. Ta ji ƙarar ta gyara hannu da sauri, ta ce tulun ne ya yi mata nauyi. Matar da take tura masaki da mutum uku a ciki, wai tulu ya yi mata nauyi. Na saci kallon idonta, na ga yanar ido ta fara rufe baƙin, fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Kande ma ta gani.

A hanyar komawa na yi ta zuba, na yi labarin kura, na yi na Bature da ya hau raƙumi ta baya, uwarku ko murmushi. Muka iso gida ta kama haɗa kayan Kano, tana naɗe tabarmi, tana jera ƙore. Ba ta roƙe ni komai ba, kuma ku shaida, har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa ita ta ce mu zauna ba. Ni ne na ishe ta da tsokana.

Na ce, "Wai ke, mutuniyar da za ta birni ce take ɗaure fuska haka kamar an aiko ta karɓar haraji?"

Ta ce, "Malam, ƙyale ni."

"Ba zan ƙyale ba. Ko famfon ne ba kya so? In sa a haƙa miki kogi a tsakar ɗaki?"

Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ta ce, "Bana ruwa zai kai marke. Tsofaffi duk sun faɗa." Sannan ta ƙara da cewa, "Idon Iya kuwa ba zai kai baɗi ba. Shi ke nan, ba wani abu. Miƙo min igiyar can."

Na miƙa mata igiya. Na fita zaure na zauna. Ku gane, ba a raba abin biyu: in na kai ta na wuce Kano, wa zai riƙe gida da goyo, wa zai noma abin da za su ci, gidan Iya ba namiji? In kuma na ce Alhaji ya jira kaka, ya riga ya gaya min ba ya jira. Na auna sikeli a hannun dama, na auna wata tsohuwa tana zuba ruwa a ƙasa a hannun hagu. Ranar da motar ta zo, na je tasha da abokina Ɗan'azumi, mutumin Ɗansoshiya, na kama hannunsa na sa a na direba, na ce a gaya wa Alhaji ga madadina, bakinsa bai kai nawa ba amma ya fi ni tashi da wuri. Kun san Alhaji Ɗan'azumi. Kun san gidan benensa, wasunku ma a motocinsa kuka fara zuwa Kano. To wannan benen, da sunana za a kira shi. Ba na cewa ban taɓa jin zafin abin ba. Shekarun da muka yi ta tuwon dawa ba mai, na ji. Ranar da aka koro ɗayanku daga makaranta saboda riga, na ji sosai.

Na dawo gida na ce wa Kande ta bar kayan a ɗaure, tafiya tana nan, hanya ce ta canza. Ta dube ni ta daɗe. Sai ta ce, "Kai fa ba ka iya noma ba." Wannan ita ce godiyar da na samu, kuma ta ishe ni.

Zaman gidan surukai, kada Allah ya nuna wa ɗayanku. Samarin ƙauyen suka sa min suna mijin agwagwa. In na yi huɗa na ta da kunya a gona sai a zo kallo, wai maciji ma ya fi ta miƙewa. Amma babbar azabata Iya ce. Ni da ko a masallaci sai an yi min tsawa nake shiru, in na hango ta sai harshena ya naɗe, in durƙusa in gaida ƙasa. Ita ma ba ta yi min magana kai tsaye. Turmi take aika. Ina zaune za ta juya wajen turminta ta ce:

"Turmi, gaya wa baƙon nan tuwonsa yana hucewa."

Ni kuma in dubi turmin in ce, "A ce mata an gode, Allah ya ƙara girma."

Haka muka ci rabin damina, turmin nan ya sha aike har na fara tausaya masa. Da yamma in na zauna a bayan danga ina ba samari labari, nakan ji motsin tabarmarta ta ciki. Na ɗauka iska take sha.

Kande kuwa ta koma ruwa. Zaman Bebeji ya sa ta yi jiki, ranar farko ta fito tana haki kamar jakin da ya hau dutse da kanwa. Na ce mata ko in kira mai kada ya taimaka? Ta watsa min ruwa. Amma kullum da hantsi tana ciki, tana haye da mata 'yan kasuwa, tana dawowa ba masaki, har kafaɗunta suka dawo irin na da. Abin ya zama tsere tsakanin abu biyu: kogi yana hawa, idon Iya yana sauka. Kowace safiya sai in je in duba marke in dawo in gaya wa turmi saura kamu kaza. Iya kuma ta daina zuwa rijiya, ta daina tsince wake, tana bin bango da hannu in ta ɗauka ba mai kallo.

Sai aka yi wani ruwa na marka, kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Da gari ya waye aka ji yara suna ihu, ya taɓa, ya taɓa! Na je na gani. Jama'a, wannan ba kogin da na sani ba ne. Ja wur, yana tafe da itatuwa da bunun ɗakunan mutane, yana wani gurnani da kake ji a ƙirjinka. Ƙetaren ma da ƙyar ake hangowa. A raina na ce, Idi, kai ka bar Kano don ka kawo uwar 'yarka nan? Na koma na samu Kande tana ɗaure zani gam, ta yi ɗamara, ta tufke kai. Na ce ko za a bari ya ɗan sauka?

Ta ce, "In ya sauka ai ba marke." Ta kwanto ki daga bayanta, Lami, ta ba ki nono kika ƙoshi, ta ɗora ki a cinyar Iya.

Duk ƙauyen ya fito. Aka shimfiɗa wa Iya tabarma a kan tudu, matan gari suka kewaye ta, mu maza muna can gefe. Kande ta tafi can sama inda za ta faɗa, don ruwa zai jawo ta ƙasa. Sai na ga Iya ta ɗaga fuska tana fuskantar wajen da ba nan Kande za ta faɗa ba. Wata tsohuwa ta raɗa mata magana, ta girgiza kai. Sai ta ɗaga murya, a gaban kowa, ba turmi ba komai:

"Ina mijin yarinyar nan? Zo nan. Zauna kusa da ni."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na zo na durƙusa nesa. Ta laluba ta kamo hannun rigata ta jawo ni.

Ta ce, "Ba na ganin komai sai haske. Tun shekaranjiya. Kai za ka zama idona."

Mata suka ɗau salati. Wata ta ce, "Haba Iya, duk garin nan ki rasa wanda za ki ɗauka sai wannan? Mutumin da ya ce ya ga sauro ya ɗauke ɗan maraƙi?"

Iya ta ce, "Ku duk tausayina za ku ji, ku ɓoye min. Shi kuwa damina guda ina jin sa ta bayan danga. In zai ƙara gishiri muryarsa hawa take yi, ta siranta kamar ta ɗan akuya. Na san ƙaryarsa, don haka zan san gaskiyarsa. Kai, faɗi abin da ka gani. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Kande ta faɗa ruwa. Na buɗe baki, tsohon hali ya motsa, na ce, "Iya, ta tsaga shi gida biyu, kifaye sai tsalle suke suna ba ta hanya..." Ta ɗaka min duka a gwiwa. Na haɗiye. Na sake, a hankali.

"Ta shiga. Tana sara da hannun dama, kanta a sama. Ruwa yana jan ta ƙasa."

"Tana faɗa da shi ko tana bin sa?"

"Tana bin sa a karkace."

"Madalla. Ci gaba."

"Ta kai inda ruwan yake murɗawa. Ga wani kututture nan tafe, babba, ya nufo ta." "Ya kusa. Iya, ya kusa."

Sai kututturen ya bi ta daidai inda kanta yake, ya wuce, ban ga kai ba. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba tunda aka yaye ni, na nemi kalma ɗaya na rasa. Ƙarya tana nan a bakina, mai daɗi, a shirye: ga ta can, lafiya lau. Iya ta matse min hannu har ƙashi.

"Yi magana."

Na ce, "Iya, ban gan ta ba."

Ta ce, "In itace ya zo, ƙarƙashinsa ake bi. Haka na koya mata tun tana 'yar mitsitsiya. Daina kallon inda ta nutse. Kalli ƙasa, wajen da ruwan ya kwanta."

Na kalli ƙasa. Ba komai, jan ruwa kawai. Na yi duk addu'ar da na iya har da wadda ban iya ba. Ke kuma Lami kika farka kika fasa kuka, Iya tana jijjiga ki da gwiwa ɗaya ba ta sake ni ba. Sai wani baƙin abu ya ɓullo can, ya girgiza, hannu ya tashi ya sari ruwa.

"Ga ta! Ga ta, Iya! Ta fito, tana sara, ta gaji amma tana sara. Ta wuce murɗin. Ta kama ciyawa. Ta saki. Ta sake kamawa. Ta dafa yashi. Ta miƙe. Iya, ta miƙe tsaye!"

Guɗa ta ɓarke ta ko'ina. Iya ta miƙa wa wata goyon, ta dafa kafaɗata ta tashi, ta buɗe baki za ta kira sunan. Muryar ta fito 'yar ƙarama, ta tsufa, ko bakin ruwa ba ta kai ba. Ta sake gwadawa, haka. Can ƙetare Kande tana tsaye, ruwa yana zuba daga jikinta, ba ta zauna ba, ba ta ɗaga hannu ba, jira take ta ji.

Iya ta ce, "Ara min makogwaronka."

Na ce, "Iya, ai sunanki ne. Ni in kama sunanki, a gabanki?"

"Yau dai na yafe. Kira ta, kada 'yata ta yi ta tsayuwa."

Na cika ƙirji, na tattaro duk muryar da na yi shekaru ina ɓatawa a kan jakuna, na kwarara: "Kande Dinyaaa!" Tsuntsaye suka tashi daga kan marke, wannan kuma ba ƙari. Can na ga ta durƙushe a kan yashi ta rufe fuska da hannu biyu.

Iya ta ce, "Ta ji?"

"Ta ji, Iya. Ta durƙusa tana kuka."

Ta saki ajiyar zuciya, ta laluba ta shafa kaina sau ɗaya, kamar yadda ake shafa kan yaro, abin da ba ta taɓa yi ba kuma ba ta sake ba. Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta ture ni da gwiwar hannu.

Ta ce, "To tashi ka koma cikin maza, mara kunya. A gaban mutane ka zo ka zauna min a tabarma."

Na tashi na koma, hawaye har cikin gemu, samari suna ta yi min dariya. Ban taɓa jin na yi arziki irin na ranar ba.